Yadda malami zai koyar da Ranar Ƙasa ta Kuroshiya ba tare da ya rikita ranakun ba

Shekara ta farko da na sanya Ranar Ƙasa ta Kuroshiya cikin darasin Gwamnati na 'yan aji biyu na babbar sakandare, a makarantar da nake koyarwa a nan Gombe, na sha kunya. Na rubuta 25 ga Yuni a allo da manyan baƙaƙe, na ja layi a ƙarƙashi, yara suka kwafe a littattafansu. Washegari wata ɗaliba ta tsaya bayan an tashi, ta sunkuyar da kai ta ce, "Allah ya gafarta Malam, yayana ya duba a waya, ya ce 30 ga Mayu ce." Ita ce da gaskiya. Takardar da na ɗauko bayanin tsohuwa ce, an rubuta ta kafin majalisar ƙasar ta sauya ranar. Da na koma na bi diddigin abin, sai na gane cewa sauyin ranar shi ne ma ƙashin bayan darasin, kuma a kansa na gina tsarin da zan bayyana wa 'yan'uwana malamai a nan.

Darasin yana buƙatar zama biyu na minti arba'in arba'in, kuma ya fi dacewa a makon ƙarshe na Mayu, duk da cewa lokacin yana zuwa da hayaniyar jarrabawar 'yan ajin ƙarshe da shagalin Ranar Yara ta 27 ga wata. Wurinsa a manhaja shi ne babin tsarin tarayya da kundin tsarin mulki, don haka malami ba zai rasa amsar da zai ba mataimakin shugaban makaranta ba idan ya tambaye shi abin da ya kai shi Turai.

Aikin farko na malami ne shi kaɗai, tun kafin ya shiga aji, wato ya tantance ranaku uku ya haddace su. A ranar 30 ga Mayu, 1990, majalisar dokokin Kuroshiya, wadda suke kira Sabor, ta yi zamanta na farko bayan zaɓen jam'iyyu da yawa da aka gudanar a watannin Afrilu da Mayu na shekarar, zaɓen da ya kawo ƙarshen mulkin jam'iyya ɗaya ta 'yan gurguzu da aka yi tun 1945. Jam'iyyar HDZ, wato Haɗaɗɗiyar Jam'iyyar Dimokuraɗiyya ta Kuroshiya, ita ce ta yi rinjaye, kuma a zaman ne aka zaɓi jagoranta Franjo Tudjman ya shugabanci jamhuriyar, aka ba Stjepan Mesic muƙamin firaminista. Abin lura shi ne a wannan rana Kuroshiya tana nan a cikin tarayyar Yugoslabiya, ba ta ɓalle ba. Sai ranar 25 ga Yuni, 1991, majalisar ta ayyana 'yancin kai, rana ɗaya da maƙwabciyarta Sulobeniya, bayan ƙuri'ar raba gardama ta 19 ga Mayu inda sama da kashi 93 cikin 100 na waɗanda suka kaɗa ƙuri'a suka amince. Ƙasashen Turai sun sa baki, aka ƙulla yarjejeniya a tsibirin Brijuni ranar 7 ga Yuli cewa a jingine aiwatar da shawarar na wata uku. Da wa'adin ya cika, ranar 8 ga Oktoba, 1991, majalisar ta yanke duk wata alaƙar doka da ta rage tsakaninta da Yugoslabiya. Wannan zama na uku ba a zauren majalisa aka yi shi ba, a ginin kamfanin man fetur na ƙasar aka taru, domin kwana ɗaya kafin nan jiragen yaƙin Yugoslabiya sun kai hari fadar gwamnati a Zagreb, babban birnin ƙasar, Tudjman yana ciki, ya tsira da kyar.

A yau 30 ga Mayu ce Ranar Ƙasa, kuma ita kaɗai ce ranar hutu a cikin ukun. 25 ga Yuni ta zama Ranar 'Yancin Kai, 8 ga Oktoba kuma Ranar Majalisa, dukansu ana tunawa da su amma ana zuwa aiki. Daga 2002 zuwa 2019 ba haka abin yake ba, domin a tsawon waɗannan shekaru 25 ga Yuni ce Ranar Ƙasa, 8 ga Oktoba kuma Ranar 'Yancin Kai. Duk wanda ya ɗauko bayani a intanet sai ya duba shekarar da aka rubuta shi, in ba haka ba zai faɗa ramin da na faɗa.

Akwai kuma batun fassara, wanda ba ƙaramin abu ba ne. Sunan ranar a harshensu Dan drzavnosti, kuma kalmar ta biyu tana nufin kasancewa ƙasa mai hukuma da majalisa da doka. Shi ya sa nake cewa Ranar Ƙasa, nake kuma hana ɗalibai cewa ranar 'yanci. Mutanen Kuroshiya ba sa ɗaukar kansu a matsayin ƙasar da aka haifa jiya. Suna ƙirga tarihinsu tun daga Sarki Tomislav a wajen shekarar 925, sannan haɗewa da masarautar Hungari a 1102, da zaɓen gidan sarautar Habsburg a 1527, da shiga ƙasar da daga baya aka kira Yugoslabiya a 1918, kuma suna alfahari da cewa Sabor ta daɗe tana zama a ƙarƙashin sarakunan waje. Misalin da ya fi shiga kan yaranmu na gida ne. An ƙirƙiri Jihar Gombe ranar 1 ga Oktoba, 1996, daga tsohuwar Jihar Bauchi, amma babu ɗan Gombe da zai yarda cewa a ranar Gombe ta fara, tunda masarautar da Buba Yero ya kafa ta girmi jihar da kusan ƙarni biyu. Da zarar malami ya faɗi wannan, zai ga kawuna suna gyaɗawa.

Kayan aiki ba su da yawa: taswirar Turai, alli fari da ja da shuɗi, kwali ɗaya, da rigar ƙwallon Kuroshiya mai gida-gida ja da fari idan an samu aro. A wajen masu sayar da rigunan ƙwallo a babbar kasuwa ba a cika rasa ta ba. Idan taswirar makaranta tsohuwa ce wadda har yanzu take nuna Yugoslabiya a dunƙule, kada a raina ta, ta fi sabuwa amfani a wannan darasi, domin yaro zai ga da idonsa ƙasar da ta ɓace.

A fara zama na farko da rigar. Malami ya ɗaga ta ya tambayi ajin ta wace ƙasa ce, kuma kafin ya rufe baki samarin bayan aji za su ambaci Luka Modric. Wasu za su tuna cewa Kuroshiya ta ci Najeriya biyu da nema a gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha, ta kuma kai wasan ƙarshe inda Faransa ta doke ta 4 da 2. A bar su su yi surutun ƙwallo na minti biyu, kada ya wuce haka, sannan a jefa musu tambayar da za ta juya akalar zancen: shin da aka haifi Modric a 1985, a wace ƙasa aka haife shi? Za su ce Kuroshiya. Sai malami ya nuna musu a taswira cewa a lokacin garin Zadar, inda aka haife shi, yana cikin Yugoslabiya, tarayya mai jamhuriyoyi shida, wato Sabiya, Kuroshiya, Sulobeniya, Bosniya da Harzegobina, Montenegro da Masedoniya, wadda Josip Broz Tito ya riƙe da ƙarfin hali da na tuwo har ya rasu a 1980. Ya kamata a ba su ma'aunin girma da za su iya kamawa: faɗin Kuroshiya ya ɗan ɗara na Jihar Bauchi, amma ƙidayar 2021 ta samu mutanenta ba su kai miliyan huɗu ba, alhali Jihar Bauchi ta haura miliyan huɗu da rabi tun a ƙidayar 2006.

Daga nan sai a ja dogon layi a allo daga wannan gefe zuwa wancan, a rubuta 1990 a hagu, 1998 a dama. Ni nakan rubuta ranaku ukun nan da jan alli a saman layin, sauran abubuwa da fari a ƙasa, in kuma bar yara su riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya suna rubutawa da hannunsu, saboda abin da yaro ya rubuta a gaban aji ba ya saurin mantawa da shi. A ƙasan layin za a sa kundin tsarin mulki na 22 ga Disamba, 1990, da ƙuri'ar raba gardama, da faɗuwar garin Vukovar a hannun sojojin Yugoslabiya ranar 18 ga Nuwamba, 1991, bayan ƙawanya ta kusan wata uku, da amincewar ƙasashen Tarayyar Turai ta wancan lokaci ranar 15 ga Janairu, 1992, da shiga Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 22 ga Mayu, 1992, da farmakin da sojojin Kuroshiya suka kai a watan Agusta na 1995 suka karɓe garin Knin daga hannun 'yan tawayen Sabiyawa, sannan dawowar yankin gabas cikin lumana ranar 15 ga Janairu, 1998. Idan lokaci ya rage, a ƙara cewa ƙasar ta shiga NATO a 2009, Tarayyar Turai a 2013, ta kuma fara amfani da kuɗin yuro a farkon 2023.

A nan ne wani yaro zai ɗaga hannu, kuma kowace shekara sai an samu, ya ce, "Malam, daga hannun wane Bature suka karɓi 'yancin?" Tambaya ce mai kyau, kada a yi mata dariya. Yaranmu sun taso da hoto guda na 'yancin kai, na Abubakar Tafawa Ɓalewa yana karɓar takardun mulki daga hannun Gimbiya Alexandra a Legas ranar 1 ga Oktoba, 1960, an sauke tuta an ɗaga tuta, baƙo ya tattara ya koma gida. Na Kuroshiya rabuwa ce da abokan zama, waɗanda harshensu ya yi kusa da juna har suna fahimtar juna ba tafinta, suna auratayya, suna aikin soja tare. Sai malami ya tsaya ya fayyace wannan bambanci sosai, domin idan bai shiga ba, sauran darasin zai zama haddar ranaku kawai.

Zama na biyu na muhawara ne, kuma shi ne wanda na fi jin daɗinsa. A raba ajin gida uku, kowane rukuni a ba shi rana ɗaya ya kare ta a matsayin wadda ta cancanci zama babbar ranar ƙasa. Masu 30 ga Mayu za su ce a ranar ce jama'a suka fara mulkin kansu ta hannun wakilan da suka zaɓa, kuma duk abin da ya biyo baya daga nan ya tsiro. Masu 25 ga Yuni za su ce majalisar da ta zauna a 1990 majalisar wani yanki ne na Yugoslabiya, ƙasa ba ta zama ƙasa ba sai ranar da ta furta haka bisa umarnin ƙuri'ar jama'a. Masu 8 ga Oktoba za su ce furucin Yuni an jingine shi, yanke igiya na gaskiya a Oktoba aka yi. Bayan sun gama, sai malami ya sanar da su cewa wannan gardama ita ce 'yan siyasar ƙasar suke yi har gobe. A zamanin Tudjman 30 ga Mayu ake biki. Bayan rasuwarsa a Disamba 1999, gwamnatin haɗaka ta Ivica Racan ta kawo dokar da ta mayar da bikin 25 ga Yuni. A ƙarshen 2019 gwamnatin Andrej Plenkovic, ta jam'iyyar HDZ, ta dawo da shi 30 ga Mayu, dokar ta fara aiki a 2020, kuma Shugaba Zoran Milanovic ya fito fili ya soki sauyin, yana ganin ranar ta fi kama da bikin nasarar jam'iyya ɗaya.

Kada malami ya yi saurin kawo misalin Najeriya, ya jira ya ga ko wani zai gano shi da kansa. Sau da yawa akan samu wanda zai ce ai mu ma an yi haka. Tun bayan rantsar da Olusegun Obasanjo a 1999, 29 ga Mayu ce Ranar Dimokuraɗiyya, har Shugaba Muhammadu Buhari ya sanar a watan Yuni na 2018 cewa an mayar da ita 12 ga Yuni, don tunawa da zaɓen 1993 da aka soke, wanda ake ganin Moshood Abiola ya lashe. A ƙasashen biyu, ranar da ake rufe ofisoshi shawara ce ta majalisa da gwamnati mai ci, kuma kowace rana da aka zaɓa tana ɗaga wasu mutane tana barin wasu a inuwa. Ra'ayina, wanda nakan faɗa wa yara sai bayan sun gama nasu, shi ne 25 ga Yuni ta fi ƙarfin hujja, tunda ita ce ke da ƙuri'ar jama'a kai tsaye a bayanta, amma ba na rage wa kowa maki don ya saɓa mini.

Akwai wuri ɗaya da ke buƙatar taka tsantsan. Ranar 30 ga Mayu ita ce kuma ranar da Odumegwu Ojukwu ya ayyana Biyafara a 1967, kuma 15 ga Janairu, ranar da Turai ta amince da Kuroshiya, ita ce ranar da yaƙin basasarmu ya ƙare a 1970. Dacewa ce kawai ta kalanda, amma a ajin da ke da Hausawa da Fulani da Tangale da Tera da Waja da 'ya'yan Ibo 'yan kasuwa, wani zai iya tambayar me ya sa waɗancan suka ɓalle duniya ta karɓe su. Malami ya amsa da doka da tarihi, ba da zafin rai ba. Kundin tsarin mulkin Yugoslabiya na 1974 ya ambaci 'yancin al'ummomi na zaɓar makomarsu har da ɓallewa, ko da yake an yi ta jayayya kan yadda za a aiwatar da shi, kuma tarayyar gaba ɗaya ce ta wargaje, ba yanki ɗaya ne ya fice ya bar saura ba. Namu kundin na 1999 kuwa, a sashe na 2, ya ce Najeriya ƙasa ɗaya ce da ba ta rabuwa. Sannan a gaya musu kuɗin da aka biya. Yaƙin 1991 zuwa 1995 ya ci rayuka kimanin dubu 20, kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙasar ya fita daga hannun gwamnatin Zagreb na tsawon shekaru, an yi luguden wuta a tsohon birnin Dubrovnik, kuma Modric da suke so, an kashe kakansa a ƙarshen 1991, shi kuwa ya yi ƙuruciyarsa a otal ɗin 'yan gudun hijira.

Adalci ya sa a faɗi ɗaya ɓangaren. Sabiyawa sun kai kusan kashi 12 cikin 100 na mutanen Kuroshiya a 1991, yawancinsu sun ƙaurace wa ƙuri'ar raba gardama, kuma tsoronsu yana da tushe a kisan da gwamnatin Ustasha, mai goyon bayan Hitila, ta yi musu tsakanin 1941 da 1945. A farmakin 1995 fiye da dubu 150 daga cikinsu sun bar gidajensu, kuma a ƙidayar 2021 ba su wuce kashi uku da ɗoriya ba. Ranar 5 ga Agusta da Kuroshiya ke bikin nasara a Knin, a Sabiya ranakun makoki ne.

Yadda ake bikin Ranar Ƙasa ta 30 ga Mayu kansa ba ya buƙatar dogon bayani. Ana rataye tutoci a gine-gine, shugabanni suna ajiye furanni don tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi, ana addu'a a coci tunda mafi yawan mutanen ƙasar mabiya ɗariƙar Katolika ne, ana kiɗe-kiɗe, talakawa kuma da yawa sukan yi amfani da hutun su fita shan iska. A 1995 an yi babban faretin soja a unguwar Jarun ta Zagreb a wannan rana. Yaranmu sukan tambaya ko akwai Musulmi a can, sai a gaya musu akwai, ba su kai kashi biyu cikin 100 ba, amma Sabor ta amince da Musulunci a hukumance tun 1916, kuma babban masallacin Zagreb an buɗe shi a 1987.

Idan za a zana tuta a kwali don manna wa a bangon aji, a yi layi uku a kwance, ja a sama, fari a tsakiya, shuɗi a ƙasa, da garkuwa a tsakiya mai gidaje 25, biyar a tsaye biyar a kwance, 13 ja, 12 fari, da ƙananan garkuwoyi biyar a samanta kamar kambi. A tabbata gidan farko na sama ta hagu ja ne. Wanda ya fara da fari, wasu suna danganta shi da zamanin Ustasha, kuma ba shi ne a tutar ƙasar ba.

Aikin gida shafi ɗaya ya isa. Nakan ce kowa ya ɗauki kansa ɗan majalisar dokokin Jihar Gombe, an kawo ƙudurin zaɓar rana guda da za a riƙa hutu don tunawa da kafuwar Gombe, ya faɗi ranar da zai goyi baya da hujjoji biyu, ya kuma ambaci mutanen da zaɓin nasa ba zai yi wa daɗi ba. Wajen duba aikin, rabin makin na kan wannan sashe na ƙarshe ne, domin nan ake gane wanda ya saurari muhawarar. Sauran rabin a raba shi tsakanin ingancin hujja da daidaiton shekaru, kuma duk wanda ya kawo kwanan wata sai ya rubuta a gefen takarda inda ya samo shi da shekarar da aka rubuta bayanin.